Kafin a Kai Inna Gidan Kula da Tsofaffi a Legas, a Je a Ga Darensa

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci a Agege, na ji wasu dattawa suna tattauna batun wani ɗan kasuwa da ya kai mahaifiyarsa gidan kula da tsofaffi a ɓangaren Ikeja. Matar ta samu shanyewar ɓarin jiki, ba ta tashi, ba ta riƙe fitsari. Ɗaya ya ce, "Wallahi Alhaji, yaron nan ya ɗebo ruwan dafa kansa." Wani ya ce ɗabi'ar Turawa ce, Legas ta cinye shi. Aka yi ta tofin Allah tsine.

Abin da ya dame ni, babu ko ɗaya a cikinsu da ya tambayi wa yake juya matar da daddare lokacin da take gidan ɗan nata. Babu kuma wanda ya tambayi wa yake juya ta yanzu a can.

Matsayina shi ne, wurin tsoho na farko gidan ɗansa ne, kuma akasarin tsofaffinmu ba su da dalilin barin gida. Amma akwai matakin jinya da ciki da falo a Idi-Araba ba zai iya ɗauka ba. Idan aka kai wannan matakin, abin aunawa shi ne lafiyar tsohon da mutuncinsa, kuma da mudu ɗaya za a auna gida da waje. Su ma gidajen kula da tsofaffin na Legas ba duka suka cancanci a ba su amanar uwa ba. Wasu sun fi ɗakin da ta baro, wasu kuwa fenti ne kawai da ƙofa mai kwaɗo. Ana iya bambance su, in dai mutum ya san inda zai kai idonsa.

"Ai addini bai yarda ba"

Masu wannan magana suna tsayawa kan aya ta 23 a Suratul Isra'i, inda aka ce idan tsufa ya riski ɗayan iyaye ko dukansu a wurinka, kada ka ce musu ko da "uf". Suna jaddada kalmar "a wurinka". Ban raina wannan hujjar ba, ita ce ma ta sa na ce gida ne wuri na farko.

Sai dai kafin wannan, ayar nan ta yi umarni ne da kyautata musu. Mutumin da yake fita kasuwar Mile 12 tun asuba don tarar motar tumatir, matarsa na fama da yara huɗu, mahaifiyarsa na kwance kan jiƙaƙƙiyar katifa har magariba, a wurinsa take, amma ba a kyautata mata ba. Idan aka kwantar da tsoho a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) wata biyu, babu mai cewa ɗansa ya yar da shi. Yasarwa ita ce ka kai ta ka juya baya, ka riƙa turo kuɗi ta waya kana jin ka sauke nauyi. Fatawa ta malamai ce, amma in za ka tambayi malam, ka faɗa masa halin da ake ciki gaba ɗaya: awa nawa take yi ita kaɗai, wa yake ɗaga ta, yaya fatar bayanta take.

"A mayar da ita gida Arewa, ko a ɗauko yarinya"

Wani lokaci komawa Kano ko Katsina shi ne daidai, musamman ga tsohon da yake kan ƙafarsa, kewar dangi da majalisa ce ke damunsa. Amma ga mai jinyar kwance, a tambaya: wa zai karɓe ta a can? Sau da yawa wata tsohuwar ce, ko yarinya 'yar shekara goma sha uku da za a cire daga makaranta. Kuma tafiyar kusan kilomita 1,000 a mota ga wanda ba ya iya gyara zamansa, ita kanta tana iya buɗe masa gyambo.

Ɗauko mai jinya zuwa gida kuwa hanya ce mai kyau, ita nake fara ba wa mutane shawara. Kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar mutum ɗaya a ce ta yi dare ta yi rana. Babu jikin da zai iya. Bayan mako biyu za ta fara barci a kan aiki, ko ta fara tsawa. Mai jinyar kwance yana buƙatar aƙalla mutum biyu masu karɓa-karɓa, da nas mai lasisi da za ta riƙa leƙowa tana duba fata da magani.

A fara sanin matakin da tsohon yake

Kafin a fara yawon duba gidaje, likita ya duba tsohon ya rubuta abin da yake buƙata. LUTH, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Legas (LASUTH) da Babban Asibitin Gbagada duk ana iya yin wannan. Idan mantuwa ce da rikicewa, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba. Wanda ke da hali, Asibitin Koyarwa na Ibadan yana da cibiya ta musamman ta lafiyar tsofaffi tun 2012.

Dalilin wannan shi ne ba buƙata ɗaya tsofaffi suke da ita ba. Akwai wanda yake tafiya, yake cin abinci da hannunsa, yake alwala da kansa, tunin magani da abokin hira kawai yake so. Wannan a bar shi a gida. Akwai wanda sai an taimaka masa wajen wanka, sa kaya da shiga banɗaki. Sai kuma na kwance, mai robar fitsari ko robar abinci ta hanci, ko mai ciwon mantuwa da yake buɗe ƙofa ya fita bai san hanyar dawowa ba. Ɓarnar da ta fi yawa ita ce a kai mutumin rukuni na uku gidan da aka tsara don rukuni na biyu, inda akwai masu wanki da girki amma babu nas da daddare. Mai gidan ba zai ce maka a'a ba, kuɗi yake nema. Kai ne za ka tambaye shi kai tsaye: mutum nawa na kwance kuke da su yanzu, kuma idan jikin Baba ya ƙara tsanani, za ku ci gaba da riƙe shi ko za ku ce mu ɗauke?

Takardu

Wannan gajere ne. Takardar rajistar kamfani ta CAC tana nuna an yi rajistar kasuwanci ne kawai, ba ta cewa komai game da jinya. Gidan da yake ba da magani, yake wanke gyambo, yake sa robar fitsari, ya kamata ya nuna maka shaidar HEFAMAA, hukumar da Jihar Legas ta kafa a 2006 don sa ido kan wuraren kiwon lafiya, kuma ka duba shekarar da ke jiki, domin sabuntawa ake yi. Ka nemi ganin lasisin nas ɗin da ke bakin aiki daga Majalisar Nas da Ungozoma ta Najeriya. Farar riga ba lasisi ba ce. A Legas akwai 'yan mata da yawa da suka koyi allura a ƙaramin asibiti ana kiransu nas, majalisar ba ta san da su ba. Suna iya zama masu taimako nagari, amma kada su zama su ne shugabannin dare.

Gwamnatin tarayya ta samar da dokar Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa da aka sa wa hannu a 2018, jihar kuma tana da gidan tsofaffinta a Yaba. Amma kada wani ya zauna yana jiran jami'i ya duba masa ɗakin da uwarsa ke kwana.

Ka je sau uku, ɗaya da daddare

Ziyarar farko da alƙawari, za a share, a fesa turare, a zaunar da kai a falo. Ta biyu ka je ba sanarwa lokacin cin abincin rana. Ta uku ka je bayan isha'i, ko ranar Lahadi da yamma lokacin da manya ba sa nan. Gidan da ya ce ba a shiga sai da izini kwana biyu kafin nan, ka cire shi daga lissafi.

Da daddaren, ka ƙirga kai. Ga lissafin: mutumin da ba ya iya juyawa da kansa, ana juya shi duk bayan awa biyu. Juyawa da canza kunzugu da goge jiki da shafa mai yana cin kamar minti goma, kuma mai nauyi sai mutum biyu. Idan gida yana da na kwance goma sha biyu, zagaye ɗaya minti 120 ne, wato kafin a gama na ƙarshe lokacin na farko ya sake yi. In ka tarar da ma'aikaciya ɗaya tal a gidan da daddare, ka san ba a juya kowa, ko me aka rubuta a takarda.

Ka tambayi masu aikin da kansu wata nawa suka yi a gidan. Idan duk sababbi ne, ana yawan barin aiki, kuma tsohon da ya saba da hannu ɗaya kullum sai ya ga baƙuwar fuska a kansa. Nas-nas da yawa suna barin ƙasar zuwa Ingila da wasu wurare, don haka gidan da ya iya riƙe nas ɗinsa shekara biyu ko uku, akwai abin da yake yi daidai.

Ka yi amfani da hancinka. Warin fitsari na ɗan lokaci a ɗaki ɗaya ba komai ba ne. Zarnin da ya kama labule da katifa, aka danne shi da turare, shi ne shaidar ana barin mutane a jiƙe. Ka ɗaga gefen katifa ka duba ɗinkin ko akwai kuɗin cizo. Ka kalli faratan tsofaffin da tsakanin yatsunsu, ƙazuwa tana yaɗuwa da sauri a irin waɗannan gidaje. Sannan ka saurara. Gidan tsofaffi da ka shiga da hantsi ka ji tsit, kowa na gyangyaɗi a kujera baki buɗe, ka tambayi wane magani ake ba su.

Fata ba ta ƙarya

Gyambon kwanciya shi ne babban ma'aunin jinya, a gida ko a waje. Yana fitowa ne inda ƙashi ke danne fata a kan katifa: ƙasan baya daidai saman ɗuwawu, kwatangwalo, diddige, idon sawu, kafaɗa, bayan kai. Jini ya daina isa wurin, naman ya fara mutuwa daga ciki. A fatarmu baƙa ba lallai ka ga ja ba. Abin da za ka gani shi ne wuri ya yi duhu fiye da kewayensa, ko ya yi sheƙi, ko ka taɓa ka ji ya fi zafi ko tauri. Daga nan zuwa rami mai wari da ake ganin ƙashi, makonni kaɗan ne, kuma yana kashewa idan ƙwayoyin cuta suka shiga jini.

Don haka ranar da za a kai Inna, 'yarta ko surukarta ta tsaya tare da nas a duba jikin gaba ɗaya, a rubuta halin da fatar take, kowa ya sa hannu. Duk ziyara a sake dubawa. Ka nemi ganin takardar juyi, wadda ake rubuta lokaci da ɓangaren da aka kwantar da mutum. Idan ka ga an cika ta da biro ɗaya da rubutu ɗaya daga safe har asuba, a zaune ɗaya aka cika ta. Ka duba ko akwai katifar iska, da matashin da ake sawa ƙarƙashin ƙwauri don diddige ya tashi daga katifa. Jakar robar fitsari kuma ta kasance ƙasa da mara, a rataye jikin gado, ba a ajiye a ƙasa ba, ba a ɗora ta kan cinya ba, don kada fitsarin ya koma ciki.

A riƙa auna nauyinsa duk wata. Tsohon da ya rasa kashi biyar cikin ɗari na nauyinsa a wata ɗaya, misali daga kilo 60 zuwa 57, akwai matsala, ko ba ya samun abinci, ko ba ya iya haɗiya, ko wani ciwo na cin sa.

Magani

Ka ce a nuna maka inda ake ajiye magani. Ya kasance a kulle, na kowa daban da sunansa, da takardar da ake sa hannu duk lokacin da aka ba shi. In ka ga ƙwayoyi a zube cikin roba ɗaya ba suna, ka fita.

Maganin ciwon suga na insulin da ba a buɗe ba yana zama a firij tsakanin digiri 2 zuwa 8, wanda aka buɗe kuma yawanci ba ya wuce kwana 28. Ka tambayi yadda firij ɗin yake idan an ɗauke wuta. Ka tambayi ma'aikaciyar dare: in sugan Baba ya sauka ƙasa da 70, yana gumi yana rawar jiki, me za ki yi? Amsar ita ce a ba shi abu mai zaƙi nan take in yana iya haɗiya, a sake aunawa bayan minti goma sha biyar, in ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a nemi asibiti. Wadda ba ta san wannan ba, kada a bar mata mai ciwon suga.

Abu biyu nake so a sa wa ido sosai. Na farko maganin barci irin diazepam, da wasu ke ba tsohon da ke yawan magana ko yawo don su huta. Yana sa jiri da faɗuwa, yana ƙara rikicewa. Na biyu maganin ciwon gaɓɓai irin diclofenac da ibuprofen da ake sha kullum kamar gyaɗa. Ga tsoho mai hawan jini yana lalata ƙoda, yana jawo gyambon ciki. A rubuta a yarjejeniya cewa ba za a ƙara wani magani ba sai da sa hannun likita da sanin iyali. Mu ma iyali mu kiyaye, kada a riƙa shigo da jiƙo da sassaƙe a ɓoye ana haɗawa da na asibiti ba a gaya wa nas ba.

Wani abu da mutane ba su sani ba: tsohon da ya wayi gari ya rikice kwatsam, yana sambatu, sau da yawa ciwon mafitsara ne ko zazzaɓi ko ƙarancin ruwa a jiki. Gidan kirki zai auna zafin jiki ya kai fitsari gwaji. Gidan banza zai ce tsufa ne ya ba shi maganin barci.

Banɗaki, wuta, da ƙarafan taga

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 28 zuwa 35 cikin ɗari na masu shekara 65 zuwa sama suna faɗuwa duk shekara. Karayar kwatangwalo ga tsoho kuwa, da yawa ba sa sake tashi daga ita. Sau da yawa faɗuwar tsakanin gado da banɗaki take faruwa, da daddare. Gidajen Legas da yawa gidajen zama ne aka mayar, da tayil mai santsi da matakala. Ka shiga banɗakin da kanka. Akwai ƙarfen riƙewa a bango kusa da masai da wurin wanka? Ka ja shi da ƙarfi ka ji ko yana girgiza. Akwai kujerar wanka? Ƙofar za ta wuce keken guragu, wato faɗinta ya kai kamar santimita 80 zuwa 90? Gangaren shiga gida kada ya yi tsayi, ƙa'idar ita ce duk tashin santimita 10 a ba shi tsawon santimita 120. Ga namu tsofaffin, a duba wurin alwala: kujera, buta kusa, da ƙasa mai kama ƙafa.

Wuta kuma a nan rai ce. Katifar iska da na'urar oksijin duk da lantarki suke aiki. Ka tambayi minti nawa ake ɗauka kafin a tayar da janareta, akwai inbata ko sola da ke riƙe ɗakunan kafin nan, akwai tukunyar oksijin ta ajiya. Ka je ka ga inda janaretan yake. Hayaƙinsa ya kashe iyalai da dama a garin nan suna barci. Ya kasance a waje, kamar mita shida daga taga, bakin hayaƙin na kallon wani gefe.

Sai ƙarafan taga. Kusan kowane gida a Legas an datse tagoginsa saboda ɓarayi, ƙofa kuma da kwaɗo. Idan gobara ta tashi ƙarfe biyun dare, wa ke riƙe da makulli, kuma ta ina za a fitar da mutum goma da ba sa tafiya? Na kwance ya kasance a ƙasa, ba a bene ba. A ga tukunyar kashe gobara da kwanan watan da aka cika ta. A tambayi maƙwabta ko layin yana cika da ruwa a watan Yuni da Yuli, domin gidan da ruwa ke shiga, rijiyarsa ma tana gurɓata, kuma ba mu manta da kwalarar da ta ɓarke a Legas a Yunin 2024 ba.

Nisan asibiti a garin nan da minti ake auna shi a cikin cunkoso. Mai shanyewar ɓarin jiki, allurar narkar da gudan jini tana aiki ne cikin awa huɗu da rabi daga fara alamu. Gida ya san asibitin da yake kai mutanensa, ya kasance da mota da direba da daddare. Lambobin gaggawa na jihar 767 da 112 suna da amfani, amma su kaɗai ba shiri ba ne.

Abin da ya shafe mu mu Hausawa

A nan ne gidaje da yawa masu tsabta da kayan aiki suke faɗuwa a wurina. Tsohuwar da ta shekara saba'in tana shan koko da safe, tuwo miyar kuka da dare, aka ajiye mata amala da ewedu, za ta ɗan taɓa ta ture. Za a rubuta ba ta da cin abinci, ta rame. Ka shiga kicin ɗin, ka tambaya ko za su dafa mata nata ko za su yarda a riƙa kawowa, kuma daga ina namansu yake. Mai wahalar haɗiya a zaunar da shi sosai kafin a ba shi, a yi masa kunu mai kauri maimakon ruwa tsararo, a bar shi zaune minti talatin bayan ya gama. Ɗura wa mutum abinci yana kwance shi ke kai abinci huhu, ya zama limoniya.

Harshe ya fi abinci ma. Mai ciwon mantuwa yakan rasa Turanci da Yarabancin da ya koya a kasuwa, ya koma Hausar da ya tashi da ita. In babu mai jin Hausa ko ɗaya a gidan, ba zai iya cewa marata na ciwo ba. Zai yi ihu, a ce yana da rigima. A tambaya kuma wa zai yi wa Hajiya wanka, mace ko namiji, a rubuta. A ga ko za a tuna mata lokutan salla, a juya gadonta ko kujerarta ta fuskanci alƙibla, a ajiye mata abin taimama. Wasu gidajen na coci ne kuma suna aiki da gaskiya, amma a yi maganar addu'o'in safiya tun farko, don kada a sa tsohon cikin abin da bai yarda da shi ba.

"Ai mai tsada ne, dole ya yi kyau"

Tsada tana iya zama kuɗin unguwa ne kawai, Lekki ko Ikoyi. Amma araha ta fi ba ni tsoro. Mako yana da awa 168, don haka kujerar aiki ɗaya da ba a barinta dare da rana tana cin ma'aikata huɗu. In aka auna da mafi ƙarancin albashin da Jihar Legas ta sanar a 2024, wato naira 85,000, naira 340,000 ke nan a wata. In mai kula ɗaya na riƙe tsofaffi biyar, kowannensu ya ɗauki 68,000, ba a sa albashin nas ba, ba abinci, ba dizel, ba haya, ba kunzugu. Gidan da farashinsa bai kai ya rufe wannan ba, daga jikin ma'aikatan dare yake rage kuɗin.

A karanta yarjejeniya layi-layi. Me kuɗin wata ya ƙunsa: kunzugu, safar hannu, gashin ƙashi, zuwan likita, wanki? Wata nawa za a ba da sanarwa kafin ƙarin kuɗi? In an kwantar da shi asibiti, za a ci gaba da cajin ɗakin? Katin banki da takardun fansho da na fili kada su kwana a gidan, su zauna hannun wanda iyali suka amince da shi.

A sa batun rasuwa ma, duk da nauyinsa a baki. Al'adar wurare da yawa a nan ita ce a wuce da gawa ɗakin ajiya a yi mata allurar hana ruɓewa. A rubuta ƙarara cewa in ta Allah ta kasance, a kira iyali nan take ko ƙarfe nawa ne, kada a taɓa gawar, likita ya ba da takardar shaida da wuri don a yi sutura a ranar.

Bayan an kai

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ruwaito cewa a binciken da aka yi a irin waɗannan gidaje, kusan biyu cikin uku na ma'aikata sun amsa cewa sun taɓa muzguna wa tsoho a cikin shekara guda. Ta kuma ce kusan ɗaya cikin shida na masu shekara 60 zuwa sama suna fuskantar muzgunawa a cikin al'umma, wato har a gidajen 'ya'yansu. Abin da ke rage wannan shi ne ido. Tsohon da ake zuwa dubawa ba a san rana ba, ba a san lokaci ba, shi aka fi kula da shi.

Don haka a zaɓi gidan da ke kusa, wanda za a iya zuwa sau uku ko huɗu a mako, ko da wani mai kyau ya fi shi a Ajah. A raba kwanaki tsakanin 'ya'ya da jikoki. A lura da kwanciyar jini a damtse ko wuyan hannu, alamar riƙo da ƙarfi ko ɗauri. A lura idan Baba ya yi shiru da zarar wata ma'aikaciya ta shigo. A samu minti goma da shi ku kaɗai, ƙofa a rufe, a tambaye shi, "Baba, wa ya yi maka wanka yau? Ka ci me da rana?" Kuma tun kafin a kai shi, in yana cikin hankalinsa, a nemi yardarsa, a fara da gwajin mako biyu.

Su kuma dattawan da suka yi ta tsinuwa a ƙofar masallaci, akwai aikin da ya fi wannan da ke jiransu. Muna da sarakunan Hausawa a Agege, Idi-Araba, Mile 12 da sauran unguwanni, muna da masallatai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa masu tara kuɗi. Ɗaki biyu a ƙasa kusa da masallaci, da banɗaki mai ƙarfen riƙewa, da nas ɗaya mai lasisi, da mata biyu masu jin Hausa da aka koya wa ɗaga majinyaci, sun isa a buɗe wurin yini: a kawo tsoho da safe, a auna masa jini da suga, ya ci tuwo, ya yi azahar da la'asar cikin jam'i, ɗansa ya biyo ya ɗauke shi in ya taso daga kasuwa.